Gyaran AC ɗin tsohuwar Hilux: yadda zaka zuba gas ya zauna

Duk shekara da zarar watan uku ya kama, rana ta fara gasa mutane, sai kaga layin motoci a wajen masu gyaran AC kowa maganarsa ɗaya, oga a ƙara min gas. Nima na daɗe a cikin wannan layin da tsohuwar akori-kurata, Hilux ce ta shekarun 1990 mai injin dizal 3L, wadda nake zuwa gona da kasuwannin ƙauye da ita. Sau uku aka zuba min gas a bazara ɗaya, kowanne bai wuce sati biyu zuwa uku ba sanyin ya gudu, kuma mai gyaran ko sau ɗaya bai ce min bari mu duba ina yake bi ba, shi dai ya jona tiyo ya buɗe tukunya ya sa hannu a bakin iska yace ka ji sanyi ko? in biya in tafi. Sai daga baya na gane abinda ya kamata a ce na sani tun farko: gas ɗin AC ba fetur bane, mota bata shan sa. Zagayawa kawai yake a cikin rufaffen bututu, daga kwamfuresa mai matsa shi zuwa kwandensa da ke gaban lagireto inda yake hucewa, zuwa draya mai shanye danshi, zuwa espanshan bawul mai matsattsiyar ƙofa da ke sauke masa furesha, ya shiga ibafureta da ke cikin dashbod ya kwashe zafi ya koma kwamfuresa. In kaga ya ragu sosai a cikin wata ɗaya to akwai ƙofar da yake fita, kuma in baka toshe ta ba zuba ruwa a kwando kake.

Kafin ma a zo maganar gas, fara da abubuwan da basa cin kuɗi. Tada mota, kunna AC, ka sa fankar ciki a ƙarshe, ka buɗe bonet ka kalli fuskar kwamfuresa. Fulin da fanbel yake ja kullum yana juyawa ko AC na kunne ko a kashe, amma farantin tsakiya, wanda ake ce ma kuloci ko maganet, shi sai an kunna zaka ji ƙas ya manne ya fara juyawa tare da fulin. In bai manne ba duba fis da rile tukuna, sannan wayar da ta shigo jikin kwamfuresan, a tsohuwar mota sau da yawa soket ne kawai ya yi tsatsa ko ɓera ya ci waya. In wuta na zuwa amma baya kamawa, ko yana kamawa da safe in injin ya yi zafi ya saki, to tazarar da ke tsakanin farantin da fulin ce ta yi yawa saboda gogewa. A kwamfuresan Denso irin na Toyota tazarar wajen rabin milimita ce, ana cire farantin a zare siririn washa guda ɗaya daga ciki a mayar shikenan ya dawo daidai. Mutane da yawa an sa su sayen kwamfuresa saboda wannan ɗan washan. Fanbel ma ka taɓa shi, in ya saki ko yana ƙyalli yana ihu in an kunna AC a ɗaure ko a canza.

Akwai kuma swic na furesha a jikin bututu, in gas ya yi ƙasa sosai shi ne yake hana kwamfuresa tashi don kar ya ƙone, a Toyota yana yankewa ne wajen psi 28, psi shi ne ma'aunin furesha. Wasu makanikai sai su haɗe wayoyinsa su ce maka sun gyara. Don gwaji na daƙiƙa biyu uku ba laifi, amma kar ka yarda a bar maka shi a haɗe, man da ke shafa cikin kwamfuresa gas ne yake ɗaukar sa yana yawo da shi, ba gas ba mai, kwamfuresa zai ci kansa.

Sai ka san wane gas ne ma a motar. Motocin da aka ƙera kafin wajen 1993 zuwa 1994 da R12 suka zo, wanda aka fi sani da Freon, yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta sa aka daina yin sa saboda yana ɓata rufin ozon na sama, ƙasashe masu arziki suka daina a 1996 irin namu kuma aka basu zuwa 2010. Daga nan aka koma R134a. Akwai sitika a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irin gas da nauyinsa a gram, in ta goge to kalli bakunan da ake jona geji, wato agogon auna furesha: na R12 masu zare ne kamar bawul ɗin taya, na R134a kuwa danna su ake su kama da kansu, kuma na ɓangaren sama, mai furesha da yawa, ya fi na ƙasa kauri don kar a yi kuskure. Wannan ba ƙaramar magana bace don man su ba ɗaya bane. R12 da man minaral yake tafiya, R134a kuma baya ɗaukar wannan man, nasa PAG ne, a Denso sunansa ND-Oil 8. In motarka ta R12 ce zaka maida ta R134a, a juye tsohon mai iya yadda za a iya, a canza draya da o-rin, wato ƴan zobban roba na mahaɗar bututu, a ɗaura sabbin bakuna, a sa man esta tunda shi yana zama lafiya da ragowar tsohon mai, sannan gas ɗin a zuba wajen kashi 80 cikin 100 na abinda sitika ta ce. Kuma gaskiya sanyin bazai kai na da ba musamman a go-sulo, sai dai in ka sa kwandensa na zamani mai ƙananan hanyoyi.

Toh yanzu geji. Mai agogo biyu ne da tiyo uku, shuɗi na ɓangaren ƙasa wato bututu mai kauri mai sanyi, ja na ɓangaren sama siririn bututu mai zafi, rawaya a tsakiya shi ake kaiwa tukunyar gas ko injin bakyum mai zuƙe iska daga layin. Jona shi mota a kashe ta huce, famfunan gejin duka a rufe. Agogo biyun zasu nuna kusan abu ɗaya, kuma lambar tana bin zafin gari ne, in R134a ne a digiri 30 zaka ga wajen psi 97, a digiri 35 wajen 114, a digiri 40 irin na Sakkwato ko Maiduguri a watan huɗu wajen 133. Amma kar wannan ya ruɗe ka, ko rubu'in gas ne ya rage a ciki indai akwai ɗan ruwansa allurar haka zata nuna, abinda take faɗa maka kawai shi ne ba wayam bane. In ka ga sifili ko kusa da shi to ramin babba ne kuma iska da danshi sun riga sun shiga.

In akwai gas, tada injin ka riƙe totur a 1500, AC a ƙarshe, ƙofofi a buɗe. Lafiyayyen AC a zafin digiri 30 zuwa 35 ƙasa zai zauna wajen psi 22 zuwa 36, sama kuma wajen 200 zuwa 230, in rana ta take sosai duka zasu ɗan haura. In duka biyun sun yi ƙasa gas ne ya ragu. In ƙasa ya hau sama kuma ya kasa hawa, allurai biyun suna neman haɗuwa, kwamfuresa ne ya gaji baya matsawa. In allurar ƙasa ta nutse har ƙasa da sifili akwai toshewa, ko espanshan bawul ko draya, in kuma yana yin sanyi minti goma ya ɗauke, ka kashe ka jira ya dawo, wannan danshi ne yake zama ƙanƙara a bakin bawul ɗin. In duka biyun sun yi sama, musamman jan ya doshi 300 ya wuce, ko an cika gas fiye da kima, ko iska ta shiga, ko kwandensa baya hucewa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damun motocinmu na nan kuma gwajinsa buta ɗaya ce. Watsa ruwa a kwandensa injin na aiki, in kaga allurar ja ta faɗo nan take kuma sanyi ya ƙaru a ciki, to matsalarka ba gas bace iska ce bata ratsawa. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi, fara da ƙwari, ledar fiya wata, duk a nan suke taruwa, ni da na kwance giril na leƙa tsakanin kwandensa da lagireto abinda na zaro kamar tabarmar ƙaiƙayi ce da ta sha laka ta bushe, kaurin ɗan yatsa. A wanke da ruwa daga baya zuwa gaba, ba da injin wankin mota mai ƙarfi a kusa ba don yana kwantar da siraran saƙar jikinsa. Sannan fankar injin Hilux tana da nata kuloci mai man silikon a ciki, in ya mutu fanka zata riƙa juyawa a sanyaye kamar mai jin barci, alamar shi ne sanyi a kan titi in kana gudu, zafi in ka tsaya a danja. Injin a kashe da zafinsa ka tura fankar da hannu, in ta yi ta juyawa ba tirjiya to kulocin ya mutu.

Neman inda yake yoyo shi ne ainihin aikin kuma shi ne wanda kowa yake gudu. Ido ne farko. Gas in zai fita da mai yake fita, mai kuma yana kama ƙura, don haka duk inda kaga baƙin danƙo ya taru a jikin bututun AC alhali kewayensa a bushe, nan ne. Duba duk mahaɗa, duba inda aka matse roba da ƙarfe a tiyo, kusurwoyin kwandensa na ƙasa inda tsakuwa ke duka, bayan kulocin kwamfuresa inda sil ɗin shaf yake, wato abinda ke hana gas fita ta jikin sandar da ke juyawa, in shi ne zaka ga layin mai ya fantsama a cikin bonet daidai saitin kwamfuresa. Kar ka manta da ƴan bawul ɗin bakunan geji, cire murfin ka ɗiga ruwan omo kaga ko zai yi kumfa. Nawa ashe nan ne da o-rin guda ɗaya a bakin kwamfuresa, kayan da kuɗinsu bai kai na kwanon abinci ba, su suka ci min gas sau uku.

In ido bai gani ba sai a matsa naitirojin a ciki wajen psi 150, a bi ko'ina da ruwan sabulu, a bar geji a jone awa ɗaya ko ma a kwana a gani ko allura zata sauka. Naitirojin nace. Don Allah kar ka bari a sa maka oksijin na masu walda, oksijin da mai a ƙarƙashin matsi fashewa suke, ba wasa bane ana rasa rai. Iskar mai faci ma ba kyau tunda danshi ne fal a cikinta. In allura na sauka amma waje ba kumfa ko'ina to ibafureta ne a cikin dashbod, duba ɗan tiyon da ruwan AC ke ɗiga ta ƙarƙashin mota ko akwai maiƙo a bakinsa. Daɗin tsohuwar Hilux akwatin ibafureta yana bayan aljihun dashbod ne, ana fiddo shi ba sai an kwance dashbod gaba ɗaya ba. Kuma ko baya yoyo in ka samu dama ka fiddo ka wanke, waɗannan motocin basu da filtar iska ta ciki, ƙurar shekara ashirin da wani abu tana manne a fuskarsa kamar bargo, shi yasa fanka take ƙara amma iska ƴar kaɗan ke fitowa.

In akwai sauran gas a ciki kuma akwai mai injin zuƙewa a kusa a kai masa ya kwashe, ya fi a sake shi a iska, R134a baya taɓa ozon amma wajen ɗumama duniya kilo ɗayansa ya kai kilo 1,430 na hayaƙin kabon. Sa tabarau da safar hannu, ruwan gas ɗin a digiri 26 ƙasa da sifili yake tafasa, in ya fesa maka a ido ko fata ƙuna ce ta sanyi nan take.

Wajen canza kaya, duk mahaɗar da ka kwance sa mata sabon o-rin, koraye na AC ba baƙaƙen famfo ba, ka shafa musu ɗan man kwamfuresa kafin ka ɗaure, kuma da sufana biyu ake ɗaurewa ɗaya ya riƙe ɗaya ya juya don bututun alminiyom ne yana murɗewa. Draya kuwa indai an buɗe layin ko ya daɗe wayam canza shi dole ne, ƴan ƙwayoyi ne a cikinsa masu shan danshi kuma in sun ƙoshi sun ƙoshi. Shi zaka ɗaura a ƙarshe, kar ka cire masa toshiyarsa sai lokacin ɗaurawa. In kwamfuresa ne ya mutu, juye mansa a farin kofi ka gani. In mai ne garau alhamdulillah. In ya yi baƙi ko kaga ƙyalƙyalin garin ƙarfe to garin ya bazu ko'ina, sai an wanke bututu da ibafureta, an canza espanshan bawul da draya, kwandensa in irin na zamani ne baya wankuwa sai sabo, in ba haka ba sabon kwamfuresan ma wata ɗaya zai bi na farko. Mai sayen na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya zaɓi wanda bakunansa suke a toshe, ya juya farantin da hannu ya sa babban yatsa a baki ya ji yana zuƙa yana turawa, ya kuma karkata shi yaga kalar man. Yawan mai kuma a auna, daidai adadin da ka juye daga tsohon shi zaka zuba na sabon mai a sabon, in ka canza kwandensa ko ibafureta ƙara wajen mil 40 kowanne, draya wajen 20. Mai in ya yi yawa shima rage sanyi yake. Robar PAG kar a barta a buɗe, shan danshi take kamar gishiri da damina.

Sai bakyum, matakin da masu sauri suke tsallakewa, su ɗan fesa gas ta ɗaya gefen ya fita ta ɗaya su ce sun kori iska. Bai kora ba. Jona rawayan tiyo a injin bakyum, buɗe famfo biyun duka, ka bar shi yana ja minti 30 zuwa 45, in layin ya daɗe a buɗe ko damina ce ka bashi awa guda. Dalili, in aka zuƙe iska ruwa yana tafasa ko ba wuta, ya zama tururi injin ya fitar da shi, kuma wannan yana son lokaci. Littattafai zasu ce allura ta kai 29 zuwa 30 a ƙasan sifili, amma wannan lissafin bakin teku ne irin Legas, a Kano wajen 28 zata tsaya, a Jos saboda tudu wajen 26, kar ka ce injin ne ya lalace. Masu amfani da tsohon kwamfuresan firij a madadin injin bakyum, ya fi babu amma baya ja har ƙasa yadda ake so. In ya gama rufe famfunan tukuna sannan ka kashe injin, ka tafi ka yi sallah ka sha ruwa ka dawo bayan minti 20. In allura na inda ka barta madalla. In ta taso koma neman rami, kar ka zuba komai.

Gas ɗin kansa a yi hattara, jabu ya yi yawa a duniya ba nan kaɗai ba. Akwai wanda ake haɗawa da R22 na AC ɗin gida, furesharsa ta fi ƙarfin mota, akwai mai gas ɗin girki a ciki wanda yake kama wuta, akwai kuma R40 mai cin alminiyom, shi ne ya fasa injinan kwantenonin sanyi a Biyetnam da Brazil a 2011 har mutane suka mutu. Gwaji mai sauƙi, tukunyar da ta kwana a inuwa ka jona mata geji ka kwatanta da lambobin da na faɗa a sama, in gari na digiri 30 kaga tana nuna 150 ko fiye to ba R134a zalla bane. Mai arha sosai ma abin tuhuma ne.

Zubawa da sikeli ake yi, ba da tafin hannu a bakin iska ba. Abinda sitika ta ce shi zaka zuba, a akori-kura yawanci baya kai kilo ɗaya, ƙananan gwangwanaye gram 340 ne a ciki, babbar tukunya kilo 13.6, ita sai ka ɗora ta a sikelin dijital irin na masu sayar da kaya ka rubuta nauyinta kafin ka fara. Jona rawaya a tukunya, buɗe ta, ka ɗan sassauta tiyon a wajen geji daƙiƙa ɗaya iskar cikinsa ta fita ka ɗaure. Mota a kashe buɗe famfon shuɗi, bakyum ɗin zai zuƙi wani kaso da kansa. In ya tsaya sai ka tabbatar famfon ja a rufe yake ruf, wannan ka riƙe shi da kyau, injin na aiki ba a buɗe ja har abada don furesha zata koma cikin gwangwani ya fashe a hannunka. Tada mota, AC da fanka a ƙarshe, totur a 1500, ka riƙa buɗe shuɗin kaɗan kaɗan gwangwani a tsaye bakinsa sama, kar ka kifa shi ruwan gas ya tafi kai tsaye cikin kwamfuresa, ruwa baya matsuwa bawul ɗin ciki zai karye. Gwangwanin zai yi sanyi ya yi raɓa gas ya daina tafiya, tsoma gindinsa a ruwa mai ɗumi wanda hannunka zai iya zama a ciki, banda wuta banda tafasasshe. Kana yi kana kallon sikeli, ya kai adadi ka rufe ko da wani na gefe yana cewa a ƙara kaɗan oga. Ƙarin nan shi ke sa jan agogo ya haura, kwamfuresa ya riƙa yankewa, injin ya riƙa zafi a go-sulo.

Ɗan gilashin da ke kan draya yana taimakawa, a motar R12 in kumfa ta ɓace ya cika, amma a wadda aka maida R134a kana iya ganin ƴar kumfa ko da ya cika, kar ka bi ta. Rufe ƙofofi da gilasai, maida iska ta riƙa zagayawa a ciki, soka ma'aunin zafi a bakin iska na tsakiya ka bashi minti goma. In ka samu digiri 6 zuwa 10 a inuwa tsohuwar mota ta yi ƙoƙari. Taɓa bututu mai kauri a wajen kwamfuresa ka ji shi da sanyi yana gumi, leƙa ƙasa kaga ruwa na ɗiga, in baya ɗiga kuma kafet ɗin gefen fasinja ya jiƙe to tiyon ne ya toshe a zura masa waya.

Cire geji da sauri, sake ɗiga ruwan omo a bakunan, mayar da murafensu don suma sil ne ba ado ba. Ni na ɗauki maka na rubuta a cikin bonet ranar da na zuba da gram nawa da irin man da na sa, saboda duk wanda zai taɓa ta nan gaba kar ya haɗa min wani abu daban. Da sanyin hunturu kuma lokacin da ba mai neman AC, duk ranar Juma'a in zan fita masallaci nakan kunna shi minti goma mai ya zagaya ya jiƙa sil ɗin shaf, in aka bar shi wata uku a bushe ta nan yoyon yake farawa.